Makon Gidajen Abinci a New York: lissafin da nake yi kafin in kama tebur

Idan watan Yuli ya raba, zafin New York kuma ya kai matsayin da mutum zai fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa rigarsa ta manne masa a baya saboda gumi, a lokacin ne ake fara shelar Makon Gidajen Abinci na bazara. A shekarun farko na zamana a Bronx shelar ko kallo ba ta ishe ni ba, domin na ɗauka harka ce ta masu yawon buɗe ido da ma'aikatan manyan ofisoshin Manhattan, ba ta irinmu da muke da garin tuwo da kuka da daddawa a kicin ba. Abin da ya sa na fara leƙawa shi ne wani abokin aikina da ya gaya mini cewa gidan abincin da nake wucewa ta ƙofarsa kullum da safe, wanda ban taɓa tunanin sa ƙafata a cikinsa ba, zai ciyar da ni da rana a kan kuɗin da bai kai rabin farashinsa na yau da kullum ba. Tun daga nan na shiga sahun masu jiran wannan lokaci. Na ci riba a wasu wurare, na yi asara a wasu, kuma asarar ce ta fi koya mini yadda abin yake tafiya.

Siyasa ce ta haifi wannan al'ada. A watan Yulin 1992 jam'iyyar Democrat ta yi babban taronta a zauren Madison Square Garden, inda ta tsayar da Bill Clinton takarar shugabancin Amurka, birnin kuma ya cika da wakilai da dubban 'yan jarida. Tim Zagat, wanda shi da matarsa Nina suka yi suna wajen tattara ra'ayoyin jama'a a kan gidajen abincin birnin, da Joe Baum, wanda yake da hannu a kafa gidajen abinci irin su Four Seasons da Windows on the World, su ne suka kawo shawarar a ciyar da baƙin da rana a kan farashi guda, dala 19 da senti 92, don ya yi daidai da lambar shekarar. An shirya abin ne domin baƙi, amma 'yan gari suka yi masa rubdugu, shi ya sa bai mutu da ƙarewar taron ba. An shafe shekaru farashin yana bin shekara, ana ƙara senti ɗaya duk zagayowarta, har tsadar rayuwa ta sa wannan wasan ya gagara. A yau hukumar da take tallata birnin ga matafiya, wadda aka daɗe ana kira NYC & Company kafin a sauya mata suna zuwa New York City Tourism + Conventions a 2023, ita ce take gudanar da shi sau biyu a shekara, sau ɗaya a hunturu tsakanin Janairu da Fabrairu, sau ɗaya a bazara tsakanin Yuli da Agusta, kuma ɗaruruwan gidajen abinci ne suke shiga daga gundumomin birnin biyar.

Sunan ne kawai mako. A 2024, alal misali, an buɗe ranar 22 ga Yuli aka tafi har 18 ga Agusta, wato mako huɗu cur, wasu gidajen ma sukan zarce bayan an rufe. Ranar Asabar ba ta cikin lissafi a mafi yawan wurare, Lahadi kuma ganin dama ce ga mai gidan abincin. Wanda ya lura da wannan ya riga ya fahimci manufar abin baki ɗaya, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. A tsakiyar bazara masu hannu da shuni sun fice daga birnin zuwa gidajensu na bakin teku a Hamptons da makamantansu, ma'aikatan ofis suna hutu, teburan da ake rububinsu a watan Oktoba ko Disamba sun zama wayam. Kuɗin haya da albashin kuku da na lantarki kuwa ba sa tafiya hutu. Saboda haka mai gidan abinci ya gwammace ya cika kujerunsa da ƙaramar riba a ranakun da ba shi da ciniki, yana fatan baƙon da ya zo don sauƙi zai ƙara da abin sha mai tsada, ko kuma ya dawo wata rana ya biya cikakken farashi. Ranar Asabar, da yake yana da ciniki ko da ragi ko babu, ba ya buƙatar kowa ya zo masa da takardar rangwame. Ciniki ne tsakanin mutum biyu, kowa da abin da yake nema, kuma babu laifi a cikin hakan muddin mai ci shi ma ya zo da lissafinsa.

Tun daga 2022, lokacin da aka cika shekara 30 da farawa, farashin ya kasu hawa uku, dala 30 da dala 45 da dala 60, kowane gida kuma yana zaɓar hawan da zai tsaya a kai. Abincin rana yawanci kashi biyu ne, somin-taɓi da ainihin abinci, na dare kuma kashi uku, ana ƙarawa da kayan zaƙi a ƙarshe. A kowane kashi akan ba mutum zaɓi biyu ko uku ko huɗu daga wata gajeriyar takarda ta musamman, wadda ta bambanta da cikakken jerin abincin gidan.

Kuskurena na farko ya faru ne a wani gidan abincin Italiyawa da ba zan kama sunansa ba, inda na kai uwargida da daddare ina ta ɗoki, a zatona na samo mana garaɓasa. Mun ci, babu laifi, taliya ce da kifi da ɗan kek. Muna jiran takardar kuɗi sai ta jawo cikakken jerin abincin gidan da aka bari a gefen tebur, ta yi shiru tana bin farashin da yatsa, sannan ta ɗago ta ce, "Maigida, ka ga da mun zo ranar da babu wannan bikin, abin da muka ci ɗin nan da bai kai haka ba, domin ni dai da ba zan ce a kawo mini kek ba." Na karɓa na duba, na ga gaskiyarta. Idan aka haɗa farashin kashi ukun ɗaya bayan ɗaya, ragin da aka yi mana bai wuce kuɗin jirgin da ya kawo mu ba, kuma an sa mun sayi abin da ba mu yi niyya ba. Ba a cuce mu ba, domin komai a rubuce yake, ni ne ban karanta ba. Daga wannan daren ban ƙara kama tebur ba sai na buɗe takardu biyun a waya, ta makon da ta kullum, na jera su na yi lissafi. Kusan kowane gida yana sa jerin abincinsa a intanet, shafin hukumar ma yana ɗauke da takardun makon na gidaje da yawa, don haka aikin bai wuce na minti biyar ba.

Lissafin kuma ba ya tsayawa a farashin da aka rubuta da manyan lambobi, domin a New York farashin da ke kan takarda mafari ne kawai. Harajin saye a birnin kashi 8.875 ne cikin ɗari, tukuicin mai kawo abinci kuma al'ada ta tsayar da shi tsakanin kashi 18 zuwa 20. Abincin dala 30 yana zama dala 38 da senti 66 idan aka ɗora haraji da tukuicin kashi 20, na dala 45 yana komawa kusan dala 58, na dala 60 kuma yana haura dala 77, duk wannan kafin mutum ya sha ko da kofin shayi. Mutum biyu a hawa na sama sun kashe fiye da dala 150 a dare ɗaya, kuɗin da zai yi wa gida cefanen kwanaki a shagunan 'yan Afirka na Bronx. Ban faɗi haka don in hana kowa zuwa ba. Na faɗa ne don na ga mutane sun shiga da fara'a sun fito fuska a murtuke, alhali babu wanda ya ɓoye musu komai.

Maganar tukuici ta taɓa haɗa ni da kawuna, wanda ya zo daga Kano a wata bazara na ce sai na kai shi ya ga yadda manyan gari suke cin abinci. Da aka kawo takardar kuɗi ya ga ina ƙara wani abu da biro a ƙasan jimla, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Kai, ɗan nan, an biya kuɗin abinci, an biya na gwamnati, wannan kuma na wane ne?" Na ce, "Kawu, na yaron da ya yi mana hidima ne, kuma a nan ba kyauta ba ce kamar yadda muka saba, wani yanki ne na albashinsa." Na bayyana masa cewa dokar jihar ta yarda a biya masu kawo abinci ƙasa da mafi ƙarancin albashi, a kan cewa tukuici zai cike giɓin. A 2024 mafi ƙarancin albashi a birnin dala 16 ne a awa, amma mai gidan abinci yana iya biyan mai kawo abinci dala 10 da senti 65, sauran ya fito daga hannun masu ci. A wannan makonni kuwa aikinsu ya ninka, tebur yana tashi wani yana zama, alhali kuɗin kowane tebur ya ragu, tukuicin ma ya ragu tare da shi. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce in haka ne hana shi zalunci ne, ya laluba aljihun babbar rigarsa ya ƙara wani abu a kan nawa. Ra'ayina shi ne wanda aka rage wa rabin kuɗin abinci bai kamata ya ƙwaƙule ragin nasa daga aljihun ma'aikaci ba, kashi 20 ne mafi ƙanƙantar abin da nake bari, idan kuma na san abincin ya fi kuɗin da na biya nesa ba kusa ba, nakan ɗora wani abu a kai.

Inda gidajen suke mayar da abin da suka rage shi ne wajen abin sha, kuma a nan wanda ba ya shan giya ya samu sauƙin da wasu ba su samu ba, sai dai akwai ɗan tarko. Da zarar mutum ya zauna za a tambaye shi irin ruwan da yake so, na kwalba mai gas, ko na kwalba marar gas, ko na famfo. Biyun farko kuɗi ne, wani lokaci kuɗin da zai sayi abincin rana sukutum a wajen masu kekunan abincin halal na bakin titi, na ukun kuwa kyauta ne. Babu abin kunya a cewa na famfo, domin ruwan New York mafi yawansa daga madatsun tsaunukan Catskill da yankin kogin Delaware yake gangarowa, kuma 'yan garin suna alfahari da shi. Haɗe-haɗen lemo marasa giya da aka yayi yanzu suna da daɗi, amma farashinsu yana bin sawun na masu giyar, kofi biyu sun isa su cinye ragin da mutum ya zo nema.

Ga abin da na tsaya a kai bayan shekaru ina gwadawa: ribar wannan mako tana cikin abincin rana a gidajen da suka fi ƙarfin aljihuna. Gidan da farantinsa ɗaya na kullum bai wuce dala 20 ba, babu abin da zai rage mini da zai sa in yi sammako, ina iya zuwa can kowane wata. Amma gidan da ainihin abincinsa kaɗai ya kai dala 40 ko 50, idan ya ce zai ba ni kashi biyu a kan dala 30 ko 45, to ya buɗe mini ƙofar da a sauran ranakun shekara a rufe take gare ni. Kicin ɗin ɗaya ne, kukun da mataimakansa su ne dai, farin ƙyallen tebur da burodi mai ɗumi da ladabin ma'aikata duk ba a rage su ba. Da rana kuma wurin ya fi natsuwa, hasken gari yana shigowa, ba a cika hayaniyar mashaya ba, abin da yake da muhimmanci ga wanda zuciyarsa ba ta kwanciya da zama kusa da inda ake ta zuba giya. Kayan zaƙin da ba a haɗa da na rana ba kuwa ban taɓa kewarsu ba.

Ita ma gajeriyar takardar tana faɗin halin gidan ga wanda ya iya karanta ta. Idan abincin da aka jera a cikinta yana cikin jerin gidan na kullum, musamman idan an sa wanda gidan ya yi suna da shi, to masu wurin sun ɗauki abin da gaske, suna so baƙo ya ɗanɗani ainihin hannunsu ya dawo. Idan kuwa aka ga ganyen salak da ƙirjin kaza da taliya da ba su da alaƙa da abin da gidan ya saba dafawa, an ƙirƙiro su ne don makon kawai, daga kayan da suka fi araha, kuma araha ba ta ado. Akwai kuma dabarar ƙarin kuɗi, inda za a rubuta naman sa ko jatan lande a cikin zaɓin, a gefensa da ƙananan lambobi a ce sai an ƙara dala kaza. Gida ɗaya ko biyu na gani da kusan duk abin da rai zai so a takardarsu yana ɗauke da irin wannan ƙari, wanda ya nuna farashin da aka yi shela da shi na ado ne. Irin waɗannan nakan tsallake su tun daga waya.

Sai babbar maganar da ta shafe mu, wadda masu rubuta shawarwari a jaridun birnin ba su cika kulawa da ita ba, wato abin da ya halatta a ci. A cikakken jerin abinci mai zaɓi talatin Musulmi ba ya rasa abin da zai ɗauka, amma a takarda mai zaɓi uku abu ne mai sauƙi a tarar ɗaya alade ne, ɗaya an dafa shi da giya, na ukun kuma nama ne da ba a san yankansa ba. Alade kuma ba kasafai yake zuwa da sunan da muka sani ba. A gidajen Italiyawa yana ɓuya a cikin kalmomin pancetta da prosciutto da guanciale, taliyar carbonara da amatriciana da shi ake yin su, miyar bolognese ma sau da yawa akwai shi a ciki tare da giya. A na Faransawa lardons ne, a na Sifaniyawa chorizo, a na Japanawa kuma romon tonkotsu daga ƙashin alade ake tafasa shi. Hatta ganye bai tsira ba, domin a girkin baƙaƙen fatar kudancin Amurka akan dafa ganyen collard da ƙafar alade, ko da yake wasu gidajen suna amfani da talotalo. Giya kuwa tana shiga shinkafar risotto tun farkon dahuwa, tana cikin romon da ake dafa kifin kwanso da shi, tana cikin mirin na girkin Japan, tana kuma yawan shiga kayan zaƙin da ake kira tiramisu, yayin da panna cotta, wadda ita ma kayan zaƙi ce, ake daskarar da ita da gelatin, wanda a Amurka galibi daga fatar alade ake samo shi. Na koyi waɗannan ne ɗaya bayan ɗaya, wasu kafin in kai loma baki, ɗaya kuwa, Allah Ya yafe, bayan na kai.

Maganin wannan shi ne tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata. Nakan buga waya tsakanin ƙarfe uku da huɗu na yamma, lokacin da cinikin rana ya lafa na dare bai kankama ba, in ce ba na cin alade ba na kuma cin abin da aka dafa da giya, in tambayi wanne ne a takardar makon zai yi mini. Gidajen abincin birnin sun saba da irin wannan tambaya, domin kullum suna karɓar Yahudawa masu kiyaye dokokin abincinsu da masu cin ganye zalla da waɗanda gyaɗa ko alkama take tayar wa da ciwo, kuma manyan gidaje sun fi ƙanana ɗaukar maganar da muhimmanci. Sau da yawa kuku yakan yarda ya cire miyar da aka yi da giya ya sa man zaitun da lemon tsami. Wajen nama kuwa, jama'armu a nan ba su taru a kan fahimta ɗaya ba, akwai masu cin kaza da naman sa a kan cewa abincin Ahlul Kitabi ne, akwai waɗanda ba sa taɓa naman da ba su tabbatar da yankansa ba, kowa kuma da malaminsa. Ni na zaɓi kifi, ya raba ni da wasiwasi, shi ya sa idona yake fara sauka a kan gidajen Girkawa masu gasa kifi sukutum da gishiri da lemon tsami, sai na Turkawa da na Labanawa da na Indiyawa, waɗanda wasunsu naman halal suke saye, amma ko su sai na tambaya.

Kama tebur ba shi da wuya, sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Ana buɗe rajista kwanaki kafin a fara, yawanci ta manhajojin OpenTable da Resy, kuma gidajen da kowa yake hari suna cika da wuri, musamman tsakanin ƙarfe bakwai da takwas na dare. Wanda zai iya cin abincin rana da sha ɗaya da rabi ko ƙarfe biyu, ko na dare da biyar da rabi, a ranar Litinin ko Talata, kusan ko'ina zai samu wuri. Gidaje da yawa suna karɓar lambar katin banki su ciri tara idan mutum ya kama tebur bai zo ba kuma bai soke a kan lokaci ba, don haka lokacin Bahaushe ba ya aiki a nan, jinkirin kwata ɗaya ya isa a ba wani teburin. Na kuma lura a wasu wuraren ba a miƙo takardar makon sai an nema, ana fara ajiye ta kullum a gaban mutum. Babu rashin kunya a ce wa ma'aikaci don makon aka zo. Ban fi son ranakun farko ba, na fi son mako na biyu ko na uku, lokacin da kicin ya saba da sabuwar takardar kuma waɗanda suka riga ni zuwa sun fara faɗin abin da suka tarar.

Lokutan salla ma suna shiga tsarin. A ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa a New York sai bayan ƙarfe takwas, saboda haka wanda ya zauna cin abinci da biyar da rabi bayan ya yi La'asar zai gama a tsanake ya riski Magariba. Ranar Juma'a nakan yi salla a babban masallacin da ke mahaɗar titi na 96 da Third Avenue, ko a Masallacin Malcolm Shabazz da ke titi na 116 a Harlem, in kama tebur da ƙarfe biyu da kwata a kusa, domin gidaje da yawa suna rufe cinikin rana da biyu da rabi ko uku. Wannan ita ce ranar da na fi jin daɗin fita, da farar riga da hula, kuma ban taɓa shiga gidan abincin da aka dube ni a karkace saboda su ba. Kawu ma da babbar rigarsa ya shiga, har wata ma'aikaciya ta tsaya tana yaba aikin wuyanta. Abin da bai gamsar da shi ba shi ne yawan abincin. Da aka ajiye masa somin-taɓi, 'yan yanka uku a tsakiyar faffaɗan faranti, ya dube ni ya ce, "Wannan ɗanɗano aka kawo mu ji gishiri, ko shi ke nan?" Da aka kawo kifin ya yaba ƙwarai, ya ce mai girkin ya san wuta, amma da muka koma gida sai da uwargida ta ɗumama masa tuwo. Wanda ya saba da malmala uku ya san da wannan tun kafin ya fita, kada ya ƙi burodin da ake kawowa kyauta.

Mafi yawan gidajen da suke shiga a Manhattan suke, amma a 'yan shekarun nan ana samun ƙari daga Brooklyn da Queens da Bronx da Staten Island, kuma na mayar da makon wani dalili na ganin unguwannin da aiki ba ya kai ni. Astoria a Queens cike take da Girkawa, titin Steinway da ke cikinta kuma da Larabawa, jirgin ruwan da ke kai mutum Staten Island kyauta ne, yana kuma wucewa ta gaban mutum-mutumin 'yanci. Duk inda na je nakan dubi harafin da ke manne a taga, A ko B ko C, wanda hukumar lafiya ta birnin take bayarwa tun 2010 bayan binciken tsafta. Gidajen abincinmu na 'yan Afirka ta Yamma, na Senegalawan titi na 116 da na 'yan Ghana da 'yan Najeriya da 'yan Gini a Bronx, ba kasafai ake ganinsu a jerin ba, dalilin kuma a fili yake: farantin da suke cikawa har ya yi tozo bai kai hawan farko na farashin makon ba, babu abin da za su rage. Wani abin da yake ba ni dariya shi ne accar da muka raina a gida, wadda kukun nan ɗan Senegal Pierre Thiam ya daɗe yana tallatawa a Amurka da sunan fonio, yanzu takan bayyana a takardun gidajen da ake sa farin ƙyalle a tebur, cokali uku a gefen kifi, ana yi wa baƙi bayaninta kamar wani sabon abu da aka gano.

A bana na tsayar da fita uku, ban ƙara ba, domin na taɓa yin shida a bazara ɗaya na ga abin da ya yi wa asusuna. Biyu na rana ne a ranakun aiki, a gidajen da na riga na jera takardunsu na ga ragin ya haura dala 20 a kan kowane mutum, kuma na buga waya an tabbatar mini kifin ba ya haɗuwa da giya. Na ukun na dare ne, ni da uwargida, ranar Talata da biyar da rabi, kuma ita ce ta zaɓi gidan bayan ta bi farashinsa da yatsa layi bayan layi. Yaran za su kwana a gidan maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, wadda ta riga ta ce wake da shinkafa za ta dafa musu.